Wa Ya Mai Da Majami'unmu Kasuwa?

 Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ba za ta yi wa kowa daɗi ba, musamman waɗansu daga cikin masu riƙe makirfo ran Lahadi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar ita ce, natsuwa ta ƙaura daga sujadarmu da gidajenmu, kuma ɓarawon da ya ɗauke ta ɗan gida ne. Kullum wa'azi ake yi mana a kan hayaniyar duniya, alhali kuwa hayaniyar da ta fi hana mai bi jin muryar Allah a yau, a cikin majami'a ake kunna ta, da kuɗin baikonmu ake sayen man janaretanta.

Kayan da mai bi yake shigowa da su

Kada wani ya ce ba mu san halin da ake ciki ba, bari mu faɗe shi da bakinmu. A watan Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu 2021 'yan bindiga suka afka wa majami'ar Katolika ta Saint Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. A watan Mayu 2022 suka shiga Gidan Maikambo cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, suka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, waɗanda suka yi fiye da wata guda a daji. A watan Fabrairu 2025, a nan Tsiga, aka ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, daga gidansa, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai farkon Afrilu. A watan Agusta 2025 kuma aka buɗe wa maƙwabtanmu Musulmi wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, rayuka masu yawa suka salwanta. Wanda ya ga an ɗauke janar daga ɗakinsa, an kashe fada a harabar majami'a, an harbe masallata a sahu, ya san barci da ido biyu ya ƙare masa.

A kan wannan sai a ɗora tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na niƙa da na taki suka yi tashin gwauron zabi. A kakar 2025 kuma farashin masara ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba, manomi ya sayar da buhuna da yawa kafin ya biya bashin abin da ya zuba a gona. Ga kuɗin makaranta, ga na asibiti, ga gudummawar fansar ɗan'uwan da ke hannun mutanen daji.

To, wannan mutum ne, da wannan mace, suke shigowa majami'a ran Lahadi da safe. Zuciyarsu kamar ruwan kududdufin da shanu suka kutsa. Irin wannan ruwa ba a tsarkake shi da ƙara motsawa; ajiye shi ake yi har laka ta kwanta, sa'an nan a ga ƙasan ƙwarya. Me muke yi musu in sun zo?

Abin da yake tararwa

Tun kafin ya zauna janareta ya tashi. Ɗakin da bai wuce mutum sittin ba, wanda muryar dattijo ɗaya take cika shi ba tare da ya ɗaga ta ba, an kafa masa manyan lasifikoki huɗu, biyu ciki biyu waje. Mai bida sujada yana ihu, mai molon lantarki yana biye da shi, ko lokacin addu'a yaron da ke kan kayan kiɗa ba ya ɗaga yatsunsa. In an ce kowa ya yi addu'a a zuciyarsa, kafin mutum ya tattara hankalinsa ya ce Uba, an riga an katse shi da waƙa. Daga nan sai sanarwa: ta Zumuntar Mata, ta matasa, ta mawaƙa, ta 'yan birged, ta kwamitin gini, ta ankon biki, kowace da mai karanta ta, kowane mai karantawa da nasa ɗan wa'azi. Sai baiko na ɗaya, na biyu, na godiya, na musamman. In rana ta yi rana a ƙara da gidauniya, a kira sunan mutum a gaban jama'a a tambaye shi nawa zai bayar. Lokacin da Baba Fasto zai buɗe Littafi Mai Tsarki, awa biyu da rabi sun wuce, yara suna kuka, tsofaffi suna gyangyaɗi, matasa sun sunkuyar da kai kan waya. A tashi, kowa ya koma gida da kayan da ya zo da su, har da ƙarin ciwon kai.

Sauran kwanakin mako ma ba su tsira ba. Litinin taron wannan, Talata koyon waƙa, Laraba addu'a, Alhamis zumunta, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar shara da bita. Kowane ɗaya abu ne mai kyau in an ɗauke shi shi kaɗai. Amma in aka haɗa su, sai a tarar babu maraice guda da uba da uwa da 'ya'ya suke zaune wuri ɗaya su buɗe Maganar Allah. Ikilisiya ta cinye sujadar iyali, sa'an nan ta hau bagadi tana kukan cewa tarbiyya ta lalace.

Me ya kawo wannan? Za mu faɗi dalilai uku ba tare da rufa-rufa ba. Na farko kwaikwayo ne. Mun ga manyan majami'un Legas da Abuja a talabijin da waya, sai muka ɗauka ƙarar ita ce alamar Ruhu, muka ari rigar da ba ɗinkinmu ba. Na biyu kuɗi ne. Kowa ya sani aljihu ya fi saurin buɗewa in kiɗa ya yi zafi, ana kiran sunaye, ido yana kan mutum. Na uku, wanda ya fi ciwo, tsoron shiru ne. Mai wa'azin da bai zauna da nassi cikin mako ba, ihu ne yake rufa masa asiri. In aka yi tsit na minti biyar, jama'a za su fara tunani a kan abin da aka faɗa, su gane ba a faɗi kome ba. Holoƙon hadari ke nan, ga iska ga ƙura, ba ɗigon ruwa.

Darasin watan Satumba 2021

Mun san amsar da za a ba mu: laifin wayar hannu ne. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ake ɗora mata kowane laifi. Lalle tana da nata kaso, za mu kuma zo kansa. Amma mu mutanen wannan yanki an taɓa yi mana gwajin da ba a yi wa yawancin 'yan ƙasa ba. A watan Satumba 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Bakori, Funtuwa da Malumfashi. Makonni suka shuɗe babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook. Waya ta zama tocila da agogo.

Muna tambayar kowane dattijon ikilisiya, tsakaninsa da Allah: a waɗannan makonni, addu'ar asuba ta cika? Littattafai Masu Tsarki da ke kan taga sun rabu da ƙura? Abin da ido ya gani shi ne mutane suna biyan kuɗin mota zuwa iyakar Kaduna ko ta Kano don neman sabis, waɗanda suka rage a gida kuma ji-ta-ji-ta ta maye musu gurbin waya, daga bakin wannan zuwa kunnen wancan. An kashe ƙarar waje, ta ciki ba ta mutu ba. Ashe natsuwa ba ta faɗowa kan mutum don kawai an ƙwace masa abin wasa. Koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon huɗa da karatu, kuma makarantar da ya kamata ta koyar da ita, wato ikilisiya, ta daina wannan darasi.

Duk da haka, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mai bi da yawa a yau, kafin ya ce wa Allah ina kwana, ya riga ya ga hoton gawa, ya saurari saƙon murya na wani da bai sani ba yana cewa ga babura ɗari sun taso, ya kalli wani mai kiran kansa annabi yana sayar da man shafawa da ruwan kariya daga harsashi, ya duba ko cacar ƙwallon jiya ta ci. Da wace zuciya zai yi addu'a bayan wannan? Kowane manomi a nan ya san wuta-wuta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ko masara tana tsotsa, kafin ta fito da furenta mai ban sha'awa ta riga ta gama ɓarna. Manomi yana ganin ganye ya yi rawaya, yana zargin ƙarancin ruwa ko taki. Haka raba hankali yake yi wa bangaskiya. A misalin mai shuka (Markus 4:1-20) Ubangiji ya yi maganar irin da ya tsiro lafiya amma ƙaya ta shaƙe shi, ya kuma fassara ƙayar da damuwar duniya da ruɗin dukiya da kwaɗayin waɗansu abubuwa. Wannan shuka ba ta mutu ba, tana tsaye a gona, ana ƙirga ta ran Lahadi. Zangarniya ce kawai babu.

Me Littafi ya nuna?

A kan Dutsen Karmel (1 Sarakuna 18) an yi gasar addu'a. Annabawan Ba'al 450 suka yi ta kururuwa da tsalle tun safe har bayan tsakar rana, har suna tsaga jikinsu, ba wanda ya amsa. Iliya ya gyara bagadi, ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba, wuta ta sauko. A duba da kyau a ga wane ɓangare ne kwanan addu'armu ya fi kama da shi. A sura ta gaba kuma, ga Iliya yana gudun ransa daga Yezebel, ya gaji, ya tsorata, yana ganin shi kaɗai ya rage. Wannan hali ba baƙo ba ne a wurin Kiristan Katsina. Me Allah ya yi masa? Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, ya kai shi Horeb. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sai a cikin sanyin murya Allah ya yi magana da shi, ya kuma sanar da shi akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Da Iliya ya tafi Horeb da janareta, da bai ji wannan ta'aziyya ba.

Ubangijinmu da kansa, wanda taro yake binsa har ba ya samun sukunin cin abinci, yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). Da labarin kisan Yohanna Mai Baftisma ya iso gare shi, jirgi ya shiga ya keɓe kansa (Matiyu 14:13). Ya gargaɗe mu a kan addu'ar nuna kai da yawan surutu, ya nuna mana ɗaki da rufaffiyar ƙofa (Matiyu 6:5-8). A gidan Betanya kuwa (Luka 10:38-42), Marta ba zunubi take aikatawa ba, hidimar Ubangiji take yi, tuwonsa take tuƙawa. Amma ita aka yi wa gyara, aka yabi Maryamu da ta zauna tana sauraro. Wannan nassi bai bar wa masu cewa ai aikin Allah muke yi wurin ɓuya ba. Ana iya shagala da aikin Allah har a rasa Allah mai aikin.

Ga masu cewa Dauda ma ya yi rawa

Gaskiya ne, ya yi. Kada kowa ya fita ya ce mun hana waƙa. Wanda ya taɓa jin iyayenmu na Zumuntar Mata sun ɗauki tulu da kuge da caki suna yabon Allah da harshenmu, ya san wannan baiwa ce da ba za mu yarda a taɓa ta ba. Amma Daudan da ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, shi ne kuma a Zabura 131 ya kwatanta ransa da yayayyen yaro da ya kwanta lamo a jikin uwarsa. Mun riƙe rabin Dauda mun yar da rabi. Ko makaɗi ya sani tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ita ce take mai da ƙara ta zama kiɗa, kuma ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, ikilisiyar da ta fi kowace yawan baye-baye, cewa Allah ba na ruɗu ba ne, ya kuma umarce su su yi kome bisa tsari, har ya ce in wani ya sami magana, na farko ya yi shiru (1 Korintiyawa 14).

Ga masu cewa mu tsiraru ne, dole a ji mu

Wannan hujja tana da nauyi, don mun san zafin da ta fito daga ciki. Mun san wahalar samun fili da takardar gina majami'a, mun san makarantun da 'ya'yanmu suke zaune ba malamin addinin Kirista, mun san masu mamakin wai akwai Bahaushe Kirista. Shirun da muke kira gare shi ba na tsoro ba ne, ba kuma na haƙura da hakki ba. Amma a faɗa mana, wace takardar fili ce lasifika ta taɓa sa wa hannu? Hakki ana nemansa da haɗin kai, da rubutu mai ma'ana, da wakilai masu sanyin kai waɗanda suka san abin da za su faɗa a gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma. Irin waɗannan mutane a natsuwa ake ƙera su.

Daniyel ɗan tsiraru ne a Babila. Abin da aka san shi da shi, har maƙiyansa suka rasa wani laifin kama shi, shi ne amincinsa a aiki da durƙusonsa sau uku a rana a ɗakinsa. Kakanninmu da suka bar Maguzanci suka bi Almasihu a waɗannan ƙauyuka, a ƙarƙashin itace da ɗakunan kara suka yi sujada, da fitilar ƙwai da Littafin Waƙoƙi, suka jure gori da tsangwama, bangaskiyarsu ta iso gare mu. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa ɗan ƙasar Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko. Shekarun karatu da horo da addu'a ne suka kai ɗan wannan yanki wannan matsayi.

Mu kuma dubi maƙwabtanmu da idon basira. Ɗan kasuwa Musulmi a Funtuwa yakan bar shagonsa da ciniki a bakin ƙofa ya tafi salla, sau biyar a yini. A goman ƙarshe na watan azumi waɗansunsu sukan shiga i'itikafi, su bar gida da kasuwa su tare a masallaci. Bangaskiyarmu daban ce da tasu, amma wannan horo na tsai da harka don ibada abin lura ne. In gasa za mu yi, ga inda ya dace a yi ta. Gasar wa ya fi wani ƙarar lasifika kuwa ba ta taɓa jawo rai ɗaya ga Almasihu ba, sai dai ta hana marar lafiya da jariri barci, ta kuma ba masu neman fitina abin kamawa.

Ga masu cewa waya ce tsaronmu

Ba mu musa ba. Kira ɗaya a kan lokaci ya ceci ƙauyuka. Amma Nehemiya, lokacin da maƙiya suka kewaye masu ginin garun Urushalima, addu'a ya yi ya kuma sa matsara dare da rana (Nehemiya 4:9), da mai ƙaho a kusa da shi. Bai ce kowane magini ya bar tubali ya riƙe ƙaho ba. A sa mutum biyu ko uku amintattu a waje da wayoyinsu a kunne, sauran jama'a su kashe nasu su fuskanci Allah.

Bari ma mu juya hujjar. A ƙasar da hari yake zuwa a kan babura, kunne shi ne garkuwa ta farko. Jama'ar da ke cikin ɗaki da janareta a bayan taga da lasifika huɗu a kansu, ba za su ji ƙugin babur ba, ba za su ji harbin farko ba, ba za su ji ihun matsaransu ba. Kwanan addu'a da amsa-kuwwa a ƙauyen bakin daji shela ce ga duk mai mugun nufi cewa ga inda muka taru, ga kuma lokacin. Shugaban da ya nace a kan wannan da sunan bangaskiya, ya tuna Ubangiji ya ƙi ya yi tsalle daga kan Haikali don ya gwada Allah.

Ga masu cewa wannan na Turawa ne da masu hutu

Tarihi bai goyi bayansu ba. Mutumin da ake ɗauka uban masu keɓe kai don addu'a, Antoni, ɗan Afirka ne, ɗan ƙauye a Masar, wanda ya gaji gonaki ya rabar, ya shiga hamada, ya rasu a shekara ta 356. Daga hamadar Masar wannan al'ada ta haura zuwa Turai. A zamaninmu ma, Kadinal Robert Sarah, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan ƙarfin shiru a 2016, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gini. Kayanmu ne aka ara, muka manta.

Batun rashin lokaci kuwa, Allah ya riga ya san da manomi. A Fitowa 34:21, inda aka ba da umarnin hutun rana ta bakwai, an ambaci lokacin noma da lokacin girbi da sunansu, wato daidai lokutan da za mu ce ba hali. Wanda ya ba da umarnin shi ne mai ba da ruwan sama. Ban da haka, wa ya kai manomi samun wurin kaɗaici? Tafiya zuwa gona da sassafe, yini a bayan garma, zaman inuwa da rana tsaka, duk lokuta ne da iyayenmu suke juya ayar da suka haddace a zuci. Yau matashi yana noman maimai da abin sauraro toshe a kunnuwansa biyu. Lokacin yana nan, an dai sayar da shi ne da arha.

Abin da muke nema

Ba mu rubuta wannan don a karanta a gyaɗa kai a ninke ba. Muna roƙon kowace majalisar dattawa da kowane kwamitin ikilisiya su sa waɗannan a ajandar zamansu na gaba.

Na ɗaya, a ware minti biyar na cikakken shiru bayan wa'azi kowace Lahadi, ba kiɗa, ba waƙa, ba mai magana a makirfo. Makonnin farko za a ji nauyi, a yi ta tari da motsi. A daure, a kuma koya wa jama'a abin da za su yi a ciki: su riƙe aya ɗaya daga abin da aka karanta, su tambayi kansu me take nema daga gare su a wannan mako.

Na biyu, sanarwa ta koma hannun mutum ɗaya, kada ta wuce minti goma, sauran a manna a allo. Gidauniya da kiran sunaye su fita daga sujadar Lahadi, a sa musu ranarsu.

Na uku, a sauke lasifikokin waje, na ciki a rage su daidai girman ɗaki. Ƙaramar ikilisiya ta gwada sujada ba janareta, kuɗin man a kai wa gwauruwa ko a sa a asusun waɗanda aka raba da gidajensu.

Na huɗu, a bar aƙalla maraice biyu a mako ba wani taro, a sanar cewa na sujadar iyali ne. A lokacin, wayoyin gida duka su shiga ƙwarya ɗaya, ta maigida a fara sawa.

Na biyar, kowane mai bi ya ɗaura niyya cewa waya ba za ta riga Allah magana da shi da safe ba. Zabura ɗaya, ɗan zama shiru, Addu'ar Ubangiji a hankali, sa'an nan a duba saƙo. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin Likita Walter Miller da abokan aikinsa, aka kuma yi sabon juyi a 1979. Waɗansu kakanninmu sun koyi karatu da furfura don su karanta shi. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ko jikansa ya karanta masa.

Na shida, mu daina tura hotunan gawa da saƙonnin firgita da ba a tabbatar ba. Labarin tsaro ya bi ta hannun waɗanda aka sa, su bincika, su sanar. Mai watsa tsoro yana yi wa 'yan bindiga aiki kyauta.

Na bakwai, a ba fastoci da katikis yini ɗaya a mako na keɓewa, jama'a kuma su ƙyale su sai in rai ne ko mutuwa. Bayan an kai amfani gida, kowace gunduma ta shirya yinin natsuwa guda, ba anko, ba babban baƙo, ba kuɗin rajista, ba ambulan. Littafi Mai Tsarki, tabarma da ruwan sha sun isa.

Ya ku shugabanninmu, Baba Fasto, Fada, dattawa, iyayenmu mata, ba raini ya sa muka yi wannan magana ba. Mun san waɗansunku suna kwana a daji tare da garkensu, waɗansu watanni ba albashi. Don haka ne ma muke cewa kada ku ƙara wa kanku da mu nauyin da Ubangiji bai ɗora ba. Ba mu da iko a kan farashin taki, ba mu da iko a kan abin da ke fitowa daga daji da dare. Amma makunnin lasifika a hannunmu yake, jadawalin mako mu muke rubuta shi, wayar kuma a aljihunmu take. Jama'ar da aka hana barci a gida, kada a hana su hutawa a gidan Ubansu. Ranar da tsanani ya zo wa mutum shi kaɗai, inda ba mawaƙa ba makirfo, abin da ya tara a ɓoye tsakaninsa da Allah shi ne kaɗai guzurinsa, kuma mu ne za a tambaya ko mun koya masa tarawa.

Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya, ya tsare garuruwanmu da maƙwabtanmu, ya komo da waɗanda ke hannun mugaye gida lafiya. Salamar Almasihu ta kasance tare da ku duka. Amin.